Darasi na Tara: Zanguna Uku na Shara

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. bayyana hanyar da shara take bi daga ƙofar gida har inda ake binne ta;
2. faɗin wanda ke da alhakin kowane mataki a birnin Lome;
3. rarraba sharar gidansa kashi-kashi;
4. sanin abin da zai yi da manyan tarkace, kamar tsohuwar katifa da mataccen firji;
5. lissafa kuɗin kwasar shara na gidansu.

Karatu: Bokitin Inna

Gari ya waye a Zangon Agoè. An idar da sallar asuba, masu koko sun fara hura wuta. Inna ta sunkuya da tsintsiyar kwakwa tana share tsakar gida. Gidan haya ne mai ɗaki takwas, kowane ɗaki da iyalinsa. Ta tara abin da ta sharo a gindin bango: ɓawon ayaba, ɓawon masarar da aka naɗe dokunu, ledojin ruwa, gwangwanin tumatir, toka, da rairayi mai yawa. Ta kwashe duka ta juye a tsohon bokitin fenti.

Jikarta ta sunkuci bokitin ta nufi ƙofa.

"Ina za ki da shi?" in ji Inna.

"Kwata zan kai, Inna. Hadari ya haɗo, in ruwa ya sauko zai tafi da ita."

"Ya tafi da ita ina? Ƙofar gidan wa?"

Yarinya ta yi shiru.

"Ajiye shi nan. Yau Talata, mai shara yana tafe."

Hantsi bai dubi ludayi ba sai ga mai shara ya tsaya da kekensa mai ƙafa uku. Ya yi sallama, ya rusuna.

"Hajiya, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ya aiki?"

"Aiki da godiya."

Ya ɗaga bokitin, ya ji nauyi, ya sauke. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri in nuna miki wani abu." Ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya juye bokitin a kai. Ya tsince ledoji ya ajiye gefe ɗaya, ɓawo gefe ɗaya, gwangwani gefe ɗaya. Abin da ya rage tsibin rairayi ne da toka, ya fi rabin bokitin.

"Wannan ƙasar gidanku ce, Hajiya. Ita ke karya mana keke, ita ke shan man mota har Aképé, inda ake binne shara. Kuma kullum kika kwashe ta, tsakar gidan nan ƙara zurfi take yi. Shi ya sa in an yi ruwa yake kwanciya a ƙofar ɗakinki."

Inna ta dubi tsakar gidan, ta dubi titi, ta ga lalle titin ya fi gidan tudu. Ta riƙe haɓa ta ce, "Shekara arba'in ina shara, ban taɓa lura da wannan ba. Allah ya yi maka albarka." Ta juya ga jikarta: "Ɗauko mini tsohon kwandon nan mai ɓuli-ɓuli. Daga yau tankaɗe shara za mu riƙa yi."

Mu 'yan zango ne

Kalmar zango ta fatake ce. Nan ne ayari yake yada kaya ya kwana, kashegari ya ɗaura ya ci gaba. Kakanninmu da suka sauko bakin teku da fataucin goro da shanu da tufafi tun ƙarshen ƙarni na 19, su ne suka kafa Zangon Lome. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar gari, aka mayar da jama'a wani fili da ke arewa, wajen kilomita 15, a gefen babbar hanyar da ta nufi Burkina Faso. A lokacin wurin bayan gari ne. Duk wanda ya fita da shara zai sami kangon fili ya zubar, kuma yawancinta ganye ne da toka, ƙasa ta cinye abinta.

Yau gari ya iso Zango har ya wuce. Filayen da ake zubar da shara sun zama gidaje, ita kanta sharar ta sake kama: leda ta maye gurbin ganye, roba ta maye gurbin ƙwarya. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Ɗan zango ya fi kowa sanin cewa kaya ba ya isa inda za shi sai an bi da shi zango-zango, kuma in ɗauri ya lalace tun daga gida, wahala ce har ƙarshen tafiya. Shara ma kaya ce mai tafiya. Zangunanta uku ne.

Zango na farko: gida

Nan ake haihuwar shara, nan kuma ake gyara ta ko a ɓata ta. Alhakin wannan zango yana wuyan masu gida da 'yan haya. Abin da ake nema gare su shi ne mazubi mai murfi, da rajista da masu kwasar shara na unguwa.

Masu kwasar nan ƙananan kamfanoni ne da ƙungiyoyi, suna bin gida-gida da amalanke ko keke mai ƙafa uku ko ƙaramar mota. Gida yakan yi yarjejeniya da su ya riƙa biya wata-wata, su kuma su zo a ranakun da aka tsayar. Kafin ka yi rajista, tambayi abu huɗu: Shin ƙaramar hukuma ta san da su? Sau nawa za su zo a mako? Nawa ne kuɗin wata? Ina suke kai abin da suka kwasa? Tambaya ta huɗu ta fi sauran nauyi. Wanda zai karɓi kuɗinka ya je ya juye sharar a bayan makaranta ko a bakin rafi, bai rabu da kai da ita ba, ya dai matsar maka da ita kan maƙwabci. Kuma duk lokacin da ka biya, karɓi rasit ka adana.

Zango na biyu: matattara

Amalanke ba za ta iya tafiya mai nisa ba. Don haka aka keɓe wurare a cikin gari inda masu kwasa suke sauke abin da suka tara, manyan motoci su ɗauka daga nan. Wannan wuri shi ne matattarar shara. Ya bambanta da juji. Matattara hukuma ce ta keɓe ta, kuma ana kwashe abin da ke cikinta. Juji kuwa mutum ɗaya ne yake fara shi da bokiti guda cikin dare, na biyu ya gani ya ƙara, kafin wata uku ya zama tsauni.

Tun daga 2019, da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, Togo tana da ƙananan hukumomi 117. Goma sha uku daga cikinsu su ne suka haɗu suka zama Babban Lome: bakwai a Golfe, shida a Agoè-Nyivé. Kowace tana da magajin garinta, kuma ita ce ke tsara aikin masu bin gida-gida a yankinta. A samansu akwai hukumar Babban Lome, wadda ake kira DAGL, mai kula da jigilar shara a manyan motoci da wurin binne ta. Akwai kuma ANASAP, hukumar tsabtace muhalli ta ƙasa, wadda aka kafa a 2013. Ma'aikatanta ne muke gani suna kwashe jujin da aka tara ba bisa ƙa'ida ba, suna yashe magudanan ruwa. A cikin unguwa kuwa, kwamitin raya unguwa, wato CDQ, da sarakunan Zango da limamai su ne tsanin da koke yake hawa ya isa ofishin magajin gari.

Zango na uku: Aképé

Shekaru da dama sharar Lome a babban jujin Agoè-Nyivé take ƙarewa, a nan kusa da mu. Manya a cikin ajin nan ba su manta da hayaƙinsa da warinsa da ƙudajensa ba. A 2018 aka buɗe sabon wurin binne shara a Aképé, cikin yankin Avé, wajen kilomita 20 daga Lome ta hanyar Kpalimé. An gina shi da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa, da Tarayyar Turai, da bankin raya Afirka ta Yamma, wato BOAD.

Aikin da ake yi a can ya wuce a juye a tafi. Kowace mota sai an auna nauyinta kafin ta shiga. An shimfiɗe ƙasan ramukan da wata roba mai kauri, domin baƙin ruwan da shara take tsatsowa kada ya gangara ya haɗu da ruwan rijiyoyi. Ana janye wannan ruwa zuwa tafkuna na musamman a tace shi. Ita kuma sharar ana baje ta, a danne, a rufe da ƙasa.

Ramukan nan da kuɗi masu yawa aka haƙa su, kuma cika suke yi. Masu binciken da suka buɗe kwandunan sharar Lome suka auna sun tarar rairayi da ƙura su ne kaso mai yawa na nauyinta, sai ragowar abinci da ganye. Ke nan muna biyan kuɗin mai a ɗauki ƙasar gidajenmu a kai ta Aképé, a cika ramin da aka tanada domin abin da ba shi da sauran amfani. Abin da mai shara ya nuna wa Inna a kan buhu, shi ne abin da sikelin Aképé yake gani kowace rana.

Abin da doka ta ce

Dokoki uku ya kamata kowane magidanci ya sani.

Ta farko ita ce babbar dokar muhalli ta 30 ga Mayu 2008. Ta ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kawar da sharar gidaje, ta ɗora wa duk wanda ya samar da shara alhakin rabuwa da ita ta hanyar da ba za ta cuci mutane ko muhalli ba. Ta kuma hana ƙona shara a fili in hayaƙin zai dami jama'a.

Ta biyu ita ce dokar lafiyar jama'a ta 2009, wadda ta shafi tsabtar gidaje da tituna da ruwan sha. Jami'an tsabta suna da ikon shiga unguwa su duba, su yi gargaɗi, su ci tara.

Ta uku ita ce dokar leda ta 5 ga Janairu 2011, wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da ledar da ba ta ruɓewa. Kowa ya san baƙar leda ba ta bar kasuwanninmu ba. Amma doka ba ta da hannun da za ta riƙe wa uwargida kwando in za ta cefane. Wannan aikinmu ne. Mai zuwa sayen koko da kwanonsa, da mai zuwa kasuwa da jakarta, sun rage leda biyu a ranar.

Tun kafin waɗannan dokoki, malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, kuma haƙƙin maƙwabci abu ne mai girma. Tsabta cikon addini ce. Alwala ba ta kammala tsabtar mutum in kwatar ƙofar gidansa tana toshe da sharar da ya zuba da hannunsa.

Illar shara idan ta ɓata hanya

*A cikin kwata.* Lome gari ne na rairayi, shimfiɗaɗɗe, ruwa ba ya saurin gudu. Damina biyu gare mu: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba. Yankinmu kuma yana kusa da kwarin kogin Zio. A 2008 ambaliya ta lalata gadoji a kan babbar hanyar arewa, har da ta Togblékopé, zirga-zirga ta tsaya. Ruwan sama ikon Allah ne, amma ledar da ta toshe magudana hannun mutum ne ya jefa ta. In ruwa ya rasa hanyarsa, sai ya bi ta ɗakunanmu, ya haɗo da abin da ke cikin masai ya zuba a rijiya. Daga nan amai da gudawa suke samun ƙofa.

*A tsakar gida.* Ƙuda yana zuba ƙwai a ruɓaɓɓen abinci, kuma a zafi irin namu kwana bakwai zuwa goma sun isa ƙwan ya zama ƙuda mai tashi. Don haka sharar abinci ba ta jiran mako. Gwangwani da tsohuwar taya da fasasshen bokiti suna riƙe ruwan sama, sauro ya hayayyafa a ciki. Ɓeraye ma ba su da masauki kamar tsibin tarkace.

*A cikin wuta.* Hayaƙin leda da roba guba ne. Yana tayar da asma, yana ƙona ƙirjin jarirai da tsofaffi. A lokacin hunturu, da iska take bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye shago.

*A cikin dabba.* Tambayi kowane mahauci a Zango abin da yake tararwa in ya farka tumbin saniya ko tunkiyar da ta yi kiwo a juji. Dunƙulen leda ne, baƙi, a murɗe kamar igiya. Dabba ta ci, cikinta ya cika, abinci ya rasa wurin zama, ta rame tana tsaye. Mai kiwon rago domin layya, ledar da ya yar a ƙofar gida tana iya cinye masa jari.

Rarraba shara: kashi biyar

Aikin ba ya bukatar kuɗi. Buhu biyu da bokiti biyu da tsohon kwando sun isa.

1. Rairayi da toka. A zuba shara a kwando mai ɓuli-ɓuli a girgiza. Ƙasar da ta zubo a mayar da ita inda tsakar gida ta lotsa, ko a cike rami a ƙofar gida. Toka kuma a bar ta ta huce sarai, domin garwashi yana ɓuya a cikinta ya kama leda a cikin keke.

2. Mai ruɓewa. Ɓawon doya da na rogo da ayaba, ganye, ragowar tuwo. Wani na dabbobi ne, sauran taki ne. Wannan ba sabon ilimi ba ne ga Bahaushe: manoman kewayen Kano sun daɗe suna shiga birni da jakuna su ɗebi shara a mangala su kai gona. A nan Lome ƙungiyar ENPRO tana sarrafa sharar gidaje ta mayar da ita taki, masu lambu kuma suna bukatarsa, domin rairayin bakin teku ba ya riƙe ruwa sai da taki. Mai ɗan fili zai iya yin nasa: a haƙa rami ko a sami tsohuwar ganga mai huji, a zuba ɗanyen ɓawo, a bi shi da busasshen ganye da kashin awaki, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa duk mako ɗaya ko biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasar da ta sha ruwan fari.

3. Mai sayuwa. Ƙarfe, alminiyam, kwali, takarda, kwalba, gorar roba, ledar ruwa. Masu sayen gwangwan suna yawo unguwa-unguwa da sikeli. Akwai kuma kamfanoni a Lome, irin su Africa Global Recycling da Green Industry Plast, da ke karɓar roba da makamantanta su sarrafa. Sharaɗin ɗaya ne: kaya ya zo a bushe, babu miya, babu ƙasa. Ledar ruwa ɗaya ba ta da nauyi, amma da yayyafi kogi kan cika. Ƙungiyar mata ko makarantar allo da ta rataya buhu a ƙofa za ta ga amfaninsa.

4. Mai haɗari. Batir, reza, allura, fasasshen gilashi, ragowar magani, gwangwanin maganin sauro da na ɓera. Abu mai kaifi a sa shi a gora mai murfi a ɗaure. Mai shara ɗan wani ne, da hannunsa yake aiki. Tsohon batirin mota ko na sola akwai dalma da ruwan batir a cikinsa, kada a fasa shi a gida, a mayar wa masu sayar da batir. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba ta komawa ta ruwan sha, ko an wanke ta sau goma.

5. Saura. Kunzugun jarirai na zamani, tsumma, ledar da ta ɓaci. A ƙulle a zuba a mazubi a rufe. Wannan kaɗai ya cancanci tafiya Aképé.

Manyan tarkace

Kuɗin wata da muke biya na sharar yau da kullum ne. Katifa da kujera da firji da baraguzan gini da rassan bishiya ba sa shiga bokiti, kuma in an ɗora su a keke sun cinye wurin gida goma. Ga matakan da za a bi, ɗaya bayan ɗaya.

Da farko a tambaya: zai gyaru? Kafinta yana ta da kujera, mai walda yana ta da gado. In ba ka so, wani yana so, kuma sadaka ce. Tsohuwar na'ura ma ba a rasa abin ɗauka a jikinta. A 2013, a wata cibiyar matasa ta Lome mai suna WoeLab, Afate Gnikou ya harhaɗa injin da ke ƙera ƙananan kayayyaki daga tarkacen kwamfuta da aka zubar, labarinsa ya zaga duniya.

In ba zai gyaru ba, a kira masu sayen ƙarfe. Amma kada a yarda a ƙona waya a cikin unguwa don a ciro jan ƙarfe, kada kuma a fasa bututun firji yara na tsaye. Wanda ya san kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie da ke Ankara ta Ghana kafin a tashe ta a 2021 ya ga yadda irin wannan hayaƙi yake cin ƙirjin samari.

Abin da ya rage bayan haka, a yi ciniki na daban da mai kwasar shara, ko a je ofishin magajin gari a tambayi inda aka yarda a kai. A tsayar da rana tukuna, sannan a fito da kaya. Katifar da aka jingina a bango "kafin a samu mota" ita ce uwar juji: gobe za ka tarar an ajiye mata leda uku a gindi.

Baraguzan gini suna da amfani wajen cike kwari, amma titi na jama'a ne. A nemi izini, a baje su yadda ba za su tare hanyar ruwa su tura shi gidan maƙwabci ba.

Ranar layya

Babu ranar da Zango yake fitar da shara mai saurin ruɓewa kamar ranar Babbar Salla. Tun jajibere a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya. Jini da abin cikin tumbi su shiga ramin, a rufe da toka da ƙasa a ranar. Fata a ba masu fata tun da ɗanyenta. Kada a wanke hanji a bakin kwata. Maƙwabtanmu da ba Musulmi ba suna karɓar naman da muka aika musu da farin ciki. Kada warin kwana uku ya biyo bayan kyautar.

Aikin gayya

Asabar ta farko a kowane wata rana ce ta tsabtace gari, wadda ake kira Togo Propre. Mu da muka gāji aikin gayya, wannan ba baƙonmu ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a kula da abu guda: in an yashe kwata, a kwashe abin da aka fitar a ranar. In aka bar shi tsibi-tsibi a bakin titi, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Don haka kafin a ɗauki shebur, a shirya da wanda zai kawo keke ko mota. Kuma aikin nan ba na mata da yara kaɗai ba ne. In maigida da liman suka fito da manjagara, babu saurayin da zai zauna a kan benci.

Taƙaitawa

Madugu yakan duba ɗaurin kaya tun kafin ayari ya tashi, domin ya san abin da aka ɗaure da kyau a gida shi ke isa lafiya. Zango na biyu da na uku suna hannun hukuma, kuma haƙƙinmu ne mu tambaye ta in ta yi sakaci. Na farko kuwa babu magajin garin da zai shigo ya tsaya mana a kansa. Yana hannun mai tsintsiya, da mai biyan kuɗin wata, da yarinyar da aka aika da bokiti.

Sababbin kalmomi

- Matattara: wurin da hukuma ta keɓe a tara shara kafin mota ta ɗauka.
- Juji: wurin da aka tara shara ba tare da mai kwashewa ba.
- Rarrabawa: ware kowane irin shara wuri dabam.
- Sarrafawa: mayar da tsohon abu ya zama sabon abin amfani.
- Magudana: hanyar da aka gina domin ruwa ya wuce.

Tambayoyi

1. Me ya sa Inna ta hana jikarta kai bokiti kwata?
2. Wace illa biyu mai shara ya ce rairayi yana jawowa?
3. Faɗi zanguna uku na shara da mai alhakin kowanne.
4. A wace shekara aka buɗe wurin binne shara na Aképé, kuma me ya bambanta shi da juji?
5. Waɗanne tambayoyi huɗu za ka yi wa mai kwasar shara kafin ka yi rajista?
6. Firjinka ya mutu. Bayyana matakan da za ka bi.

Lissafi

1. Mu ƙaddara kuɗin kwasar shara jaka biyu ne a wata, wato sefa 2,000. Gidan Inna ɗaki 8 ne. Nawa kowane ɗaki zai biya? Dala nawa ke nan?
2. A kowane ɗaki akwai mutum 6, kowa yana shan ledar ruwa 3 a rana. Leda nawa gidan yake fitarwa a rana? Nawa a kwana 30?
3. Bokiti ya yi kilo 12, kilo 7 a ciki rairayi ne. In ana fitar da bokiti 4 a mako, kilo nawa na rairayi gidan zai daina aikawa Aképé a mako in an fara tankaɗewa?

Rubutu

Rubuta wasiƙa mai layi biyar zuwa ga shugaban kwamitin raya unguwa. Gaya masa inda juji ya taru a layinku, tun yaushe, da abin da kuke roƙo a yi.

Aikin gida

Gobe da safe, bayan an gama shara, shimfiɗa buhu ka juye bokitin gidanku a kai, kamar yadda mai shara ya yi. Sa safar hannu ko ka yi amfani da sanda. Ware shi kashi biyar, ka rubuta kashin da ya fi yawa. Ka wanke hannu da sabulu, ka zo mana da amsar a darasi mai zuwa.